Ƙaguwa a Tankin Corinne

Talata, 10 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Jiya na ɗauko tankin kifin Corinne. Ban yi shawara da kowa ba, don ba na jin sai na nemi izini kafin in shiga gidan 'yar da na haifa. Na rage ruwan, na juye kifayen biyu a bokitin wanki, maƙwabcinsu ya kama mini muka sa a bayan mota. Ga shi nan yanzu a teburin falo, inda hoton marigayi maigidana Ray yake a da. Na mayar da Ray kan talabijin, na san ba zai damu ba.

Sunan kifayen Otis da Pearl. Jajayen nan ne masu ƙaton tumbi da wutsiya kamar mayafi, suna iyo a hankali kamar tsofaffi a kasuwa. Tun kafin a haifi jikata Tessa Corinne take tare da su, ga Tessa bana shekararta bakwai.

Neil ya ce da ma mahaifiyarsa Marlys ta yi niyyar zuwa ta kwashe su, tunda ita ta san kan kifi. Na ce masa, "Marlys tana da nata kifayen. Waɗannan na 'yata ne." Yaron kirki ne, miji ne nagari ga Corinne, amma tun ranar Alhamis da aka kwantar da ita a asibiti ya zama kamar rigar da aka rataye a ƙusa. Aikinsa na masana'antar takarda ba ya barin sa zama, shi ya sa aka raba mana Tessa: farkon mako wurina, daga Alhamis wurin Marlys. Ban san wanda ya yi wannan rabon ba, amma Asabar da Lahadi duk sun faɗa wajenta.

Kafin in fito daga gidan na ja ƙofar ɗakin nan mai fentin rawaya da suka shirya wa jariri. A buɗe aka bar ta.

Laraba, 11 ga Maris, da yamma

Ba ta kira ba. Neil ya ce ba a cika ba wa su Corinne waya ba a hawa na biyar na asibitin, sashen masu ciwon damuwa.

Litinin, 16 ga Maris, bayan an tashi makaranta

Tessa ta dawo daga wurin Marlys bakinta cike da labari. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta fara.

"Kaka Dolores, kin san Kaka tana da jatan lande jajaye, 'yan mitsi-mitsi? Ɗaya tana ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin cikinta! Kuma akwai kwaɗi biyu da ba sa fita daga ruwa, da dodon koɗi mai share gilashi. Duk a tanki ɗaya, kuma ba sa faɗa."

Na ce, "To madalla. Zo ki gai da Otis da Pearl."

Ta leƙa su, ta ɗan ƙwanƙwasa gilashin. "Su ba sa yin komai."

"Suna numfashi, 'yar nema. Me kike so su yi, su yi miki rawa?"

Ta yi dariya, ta ce ni ma ba na yin komai sai zama. Na ce bari in kama ta in nuna mata aiki. Mun ɗan yi guje-guje a kicin, har ta manta da jatan lande na ɗan lokaci.

Ita Marlys Kaka ce kawai. Ni kuwa Kaka Dolores. Tun yarinyar tana koyon magana haka abin yake, ban taɓa kulawa ba sai yanzu. Ita ce ta ainihi ke nan, ni sai an haɗa da suna a san wadda ake nufi.

Talata, 17 ga Maris, da safe

Dusar ƙanƙara ta sake zuba. Na share ƙofar gida. Na ba kifi abinci. Ba ta kira ba.

Alhamis, 19 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ni na kai Tessa gidan Marlys yau, don Neil ya makara. Na so in sauke ta a bakin ƙofa in juya, sai ga matar ta fito da silifas a cikin wannan sanyi. "Dolores, shigo mana, kofi na kan wuta. Kin rame fa."

Ban rame ba.

Dole na ga tankin, tunda ya cinye rabin bangon falonta. Ba zan yi ƙarya ba, yana da kyau. Ciyawa kore shar, wani kututture a tsakiya, ƙananan kifaye masu walƙiya suna yawo a garke. Jatan landen suna tsince-tsince a jikin ganye kamar mata masu tsintar shinkafa. Tessa ta durƙusa gabansa kamar ta shiga coci, ta manta ina wurin.

Marlys ta tambaye ni lafiyar su Pearl. Na ce lafiyarsu ƙalau. Sai ta fara karatu: kada in cika musu abinci, in riƙa canja ruwa kaɗan-kaɗan, kuma kada in haɗa su da komai. "Irin su ba su da sauri, ba sa iya gudu. Ƙaramin abu su haɗiye shi, mai ƙarfi kuma ya cuce su. In kina so Tessa ta sami abin kallo, bari in ba ki babban dodon koɗi guda, shi ba ruwansa da kowa."

Na ce, "Na gode, ba mu rasa komai ba."

Da zan fita na ga gyalen Corinne, koren nan da na saƙa mata da hannuna, a rataye bayan ƙofar Marlys tare da rigunanta. Ban tambaya ba. Ta ga na gani.

Asabar, 21 ga Maris, da rana

Na kira Neil na ce gobe bayan coci zan je asibiti. Ya yi gyaran murya. "Mama Dolores, ta ce ba yanzu ba. Ki ɗan ƙara haƙuri. Ba ke kaɗai ba ce, ba ta son ganin mutane."

Ni ce mutane.

Litinin, 23 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Muna cin gasasshen dankali da nama Tessa ta ce, "Kaka ta kai wa Mama safa mai laushi, don an karɓe mata takalminta mai igiya. Ta ce Mama ta ci rabin lemo."

Na ce, "Yaushe?"

"Ranar Asabar. Da ranar Juma'a ma. Ni a mota nake jira da Baba."

Na tashi na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Talata, 24 ga Maris, da hantsi

Na je shagon dabbobin da ke bayan babban kanti. Ban tafi da niyyar sayen komai ba, abincin kifi kawai na je nema. Sai na gan ta a wani ƙaramin tanki, ta hau kan dutse ta ɗaga hannuwa biyu jajaye kamar mai neman dambe. Ƙaguwa, ba ta wuce faɗin murfin kwalba ba, idanu a tsaye kan 'yan sanduna. Na tsaya ina kallon ta, ita ma tana kallona. Marlys ba ta da irin wannan.

Mai shagon yana fama da wata mata da akunta. Da yana ƙulla mini leda ya ce, "Da wane irin kifi za ki haɗa ta?" Na ce manya ne, sun ninka ta sau uku. Ya buɗe baki zai ƙara magana, akun ya fasa ihu, ni kuma na ɗauki ledata na fito.

Na jera mata duwatsu a kusurwa har suka leƙo saman ruwa. Ta shige ƙarƙashi ta ɓuya. Otis ya zo ya shinshina ya wuce.

Laraba, 25 ga Maris, da yamma

Yau na ji daɗi, kuma ba zan ji kunyar rubuta haka ba.

Tessa ta ga ƙaguwar ta yi tsalle har ta kusa ture fitila. Ta sa mata suna Kyaftin. Ta ja kujera ta zauna gaban tankin, ta ƙi tashi ko don talabijin. Mun ba ta ɗan guntun wake dafaffe, ta riƙe shi da hannu ɗaya tana yagar sa da ɗayan tana kaiwa baki, sak wani dattijo a gidan biki. Tessa ta kwanta a ƙasa don dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ranar nan.

"Kaka Dolores, gobe dole ne in tafi?"

"Ai ranar Kakarki ce."

"Amma Kyaftin zai yi kewata."

Na ce to, mu ji abin da babanta zai ce. Na kira shi da kaina, na ce yarinya ta gaji da yawo tsakanin gidaje, a bar ta ta ƙara kwana. Ya ce to.

Alhamis, 26 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Marlys ta kira. Ta fara da gaisuwa mai tsawo, na san akwai magana.

"Neil ya ce kin sa ƙaguwa a wurin su Pearl."

"Labari ba ya kwana a danginku."

"Dolores, don Allah ki cire ta. In kifin ya kwanta a ƙasa yana hutawa za ta kama wutsiyarsa. Ba mugunta ba ce, halinta ne. Kuma ba ruwansu ɗaya ba, ita tana son ɗumi da ɗan gishiri. Ina da ƙaramin tanki a gareji, in kawo miki yau?"

Na ce, "Marlys, shekara ashirin da wani abu ina tuƙa motar makaranta a garin nan, yara cike, masu cizo da masu kuka, ban taɓa rasa ko ɗaya ba. Kifi biyu da ƙaguwa ba za su gagare ni ba."

"Ba gasa muke yi ba."

"Wa ya ce gasa?"

Ta yi ajiyar zuciya. Wannan ajiyar zuciyar tata ta masu haƙuri, wadda ke sa mutum ya ji kamar ya taka ɗan tsako. Ta ce a gai da Tessa, a gaya mata jatan landen ta kusa ƙyanƙyashewa.

Ban gaya mata ba.

Juma'a, 27 ga Maris, da safe

Akwai ɗan tsagu a wutsiyar Pearl. Wataƙila dutse ne ya karce ta.

Asabar, 28 ga Maris, da rana

Neil ya zo ya tafi da Tessa. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar injin tace ruwa. Na zauna gaban tankin da kofina. Kyaftin yana kan dutsensa, Pearl tana can ɗaya gefen ta maƙale bayan bututu. Tsagun ya zama biyu. Na yi tunanin in kwashe ƙaguwar in sa a kwano, har na ɗauko ludayi. Sai na tuna ranar Litinin yarinyar za ta shigo da gudu ta nufi tankin, na mayar da ludayin.

Yau Asabar. Na san inda Marlys take da rana tsaka, na san abin da ta riƙe a jaka.

Talata, 31 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Ban yi rubutu jiya ba. Bari in rubuta shi a jere, ko zan daina juya shi a raina.

Tessa ce ta fara gani da safen nan, ina kicin ina soya ƙwai. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa cikin rigar barcinta ta ce, "Pearl ta kwanta a gefe."

Rabin wutsiyar babu. Abin da ya rage ya zama zare-zare, ga wani jan rauni a gindinta. Tana numfashi, amma ta kasa miƙewa. Otis yana zagaya ta. Kyaftin kuma babu shi a tankin sam, ya bi wayar injin ya fice.

Na ce, "Za ta warke, bari in canja ruwa." Garin sauri na zubar da rabin bokiti a kan darduma.

Tessa ta ce, "Mama ta ce in kula mata da su. Ranar da za ta tafi ta gaya mini a kunne."

Ban san da wannan ba. Ba wanda ya gaya mini.

Ina goge ruwa na ji muryarta a ɗaki. Ta ɗauki wayata, ta nemo lambar da kanta. "Kaka, ki zo. Ki zo yanzu."

Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar dardumar nan da tsumma a hannu, na kasa tashi. Kalmomin da uwarta ta faɗa ke nan sak. Neil ya gaya mini tun a daren farko, a barandar asibiti, bai san wuƙa yake soka mini ba. Ranar Alhamis ɗin nan, da Corinne ta ga ba za ta iya ba, tana zaune a ƙasan ɗakin rawaya, wayarta a hannu, ba ni ta kira ba. Gidana ya fi kusa. Titi uku ne tsakaninmu. Sai ta kira Marlys, ta ce mata ki zo yanzu. Marlys ta naɗe ta cikin gyalen da na saƙa ta kai ta. Ni sai da aka gama komai aka tuna da ni.

To, na rubuta.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Marlys ta zo da ƙaramin tanki, da gishiri, da wani magani shuɗi. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Na so ta faɗa, da na sami abin riƙewa. Ta kwashe Pearl da tafin hannunta a hankali, ta sa ta ita kaɗai, ta nuna wa Tessa yadda za ta ɗiga maganin. Sannan ta kai ta makaranta a makare, ta dawo.

"Sai mu nemo ɗan fashin," in ji ta. "In ya bushe zai mutu."

Mata biyu, kowacce ta haura sittin, muna rarrafe a falo da tocila. Mun ɗaga kujera, mun leƙa cikin takalma. Gwiwarta ta yi ƙara, ta ce, "In na kasa tashi ki kira 'yan kwana-kwana, amma ki fara gyara mini gashi." Ban so in yi dariya ba, ta kuɓuce mini.

A ƙarƙashin firij muka same shi, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, hannuwa a sama. Ya cafki yatsanta da ta kai hannu. Ta ce wata kalma da ban san matan cocinsu sun san ta ba.

Da muka zauna shan kofi na tambaye ta kai tsaye. "Me take ce miki a can?"

"Ba komai."

"Marlys."

"Wallahi ba komai, Dolores. Zama muke yi. Wani lokaci in ɓare mata lemo. Ran nan na yanke mata farce. Ba ta ko kallona."

Ta ɗauka wannan zai sanyaya mini rai. Ni na fara yanke wa yarinyar nan farce, da haƙorina, tana 'yar kwana uku.

Ta tafi da Kyaftin a robar man shanu mai huji a murfi.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da safe

Pearl ta mutu.

Alhamis, da yamma

Na ce wa Marlys a waya zan koma shagon in nemo mai kama da ita, tunda Corinne ba ta nan. Ta ce, "Shekara nawa tana kallon kifin nan kullum safe? Za ta gane tun daga bakin ƙofa. Kuma sai ki sa Tessa ta riƙe ƙarya." Gaskiya ta faɗa. Na gaji da gaskiyarta.

Tessa ta ce ba za a zuba Pearl a masai ba, binne ta za a yi a bayan gidansu. Ƙasa kuwa har yanzu dutse ce, shebur ba ya shiga. Na naɗe ta a farin hankici, na sa a kwalin ashana babba, na ajiye a firiza kusa da ledar wake.

Tessa ba ta yi mini magana ba da Neil ya zo ɗaukar ta. Na ce, "Ba sallama, 'yar nema?" Ta ce, "Sai an jima," tana kallon takalminta.

Lahadi, 5 ga Afrilu, bayan coci

Ista. Kowa da furanni. Matar fasto ta riƙe hannuna ta ce suna sa Corinne a addu'a, da "ƙaramin da Allah ya karɓa". Na zare hannuna na ce na bar abu a wuta.

Otis yana ta zagaye shi kaɗai. Yana cin abinci dai.

Talata, 7 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Neil ya kira tun ban sha kofi ba. An bar Tessa ta yi magana da uwarta a waya jiya, ta kwashe komai ta gaya mata, har da firiza. Na ce shi ke nan, na ƙarasa kaina.

Ya ce, "Corinne ta ce ki zo gobe. Ke kaɗai."

Na canja riga sau uku, alhali sai gobe ne.

Laraba, 8 ga Afrilu, da yamma

Ƙofa biyu ake buɗewa kafin a shiga, kowacce sai an rufe ta bayanka. Sun karɓi jakata. Corinne tana zaune kusa da taga da safar Marlys a ƙafarta, gashinta a cukurkuɗe. Ta yi ƙanƙanta. Na yi wa kaina alkawari a mota ba zan yi kuka ba, ba zan gyara mata wuyan riga ba, ba zan ce ta ci abinci ba.

Na zauna. Daga tagar ana hango tafki, ƙanƙarar ta fara tsagewa.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ƙaguwa, Mama?"

"Ƙarama ce."

"Da Pearl? Pearl da sai ta yi shawara kafin ta juya?"

"Mai shagon bai hana ni ba."

"Kin bar shi ya yi magana?"

Na sunkuyar da kai. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti. Ta yi ta yi har ta riƙe ciki, daga nan ta juye ta zama ɗayan abin. Ma'aikaciyar ta leƙo, na ɗaga mata hannu ta koma. Ban san lokacin da na matsa ba, na ji dai kanta a ƙirjina, rigata ta jiƙe.

Na ce, "Ki yafe mini kifinki."

Ta ce, "Ba kifin ba ne."

"Na sani."

Da ta lafa na yi abin da na ce ba zan yi ba. Na tambaye ta. Na ce titi uku ne, Corinne.

"Fuskarki nake tsoro," in ji ta. "Marlys in ta dube ni, mara lafiya take gani, ta san abin da za ta yi. Ke kuwa in na dube ki sai in ga girman abin duka. Ke ma kin yi rashi. Ranar nan ba zan iya ɗaukar nawa da naki ba."

Ban san ko yabo ne ko akasinsa ba. Har yanzu ban sani ba. Na roƙi ma'aikaciyar mataji, ta kawo na roba. Na tsefe mata gashin tun daga ƙasa, a hankali, kamar lokacin da take firamare. Ta ce ina ja da ƙarfi. Na ce ta zauna da kyau.

Litinin, 13 ga Afrilu, bayan an tashi makaranta

Tessa ta shigo ta ce jatan landen sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan kamar gashin ido. Kyaftin yana da tankinsa shi kaɗai a kicin ɗin Kaka, da murfi da dutse a kai. Na ce madalla. Ta dube ni ta gefen ido, ta ce, "Kin kashe Pearl, amma ba da gangan ba." Na ce haka ne. Ta ce to a ba ta biskit.

Ta kawo mini dodon koɗi a kwalba, saƙon Marlys. Na sa shi wurin Otis. Yana share gilashi, ba ruwansa da kowa, kamar yadda aka ce.

Asabar, 18 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

An sallami Corinne jiya. Za ta riƙa komawa ganin likita, amma a gida za ta kwana.

Ƙasa ta saki, don haka yau muka yi abin da Tessa ta ce. Na ɗauko kwalin daga firiza na kai a jakar sanyi. Neil ya haƙa rami a gindin bishiyar bayan gida, ƙarami, bai kai tsawon hannu ba. Marlys ta zo da furanni, ni ban tuna da furanni ba. Tessa ta sa kwalin da kanta, ta ce Pearl kifi ce mai kirki, ba ta taɓa cizon kowa ba, amin.

Neil ya mayar da ƙasa. Ya kamata a ce an gama, a shiga a sha shayi, amma Corinne ba ta motsa ba. Tana tsaye tana kallon ɗan tudun nan. Neil ya jingina da shebur ya juya mana baya. Kowa ya san ba kifi muke tsaye a kansa ba.

Sai ta miƙo hannu ta baya, ba ta waiwayo ba, tana laluben wanda zai riƙe. Marlys ce a daidai wurin, hannun har ya taɓa rigarta. Ni ina gefe.

Marlys ta ja da baya taku ɗaya, shiru, ta sunkuya kamar igiyar takalminta ta kwance. Hannun ya zo kaina. Na riƙe shi. Sanyi ƙalau, ta matse ni har zobena ya shiga nama. Mun daɗe a haka.

Takalmin Marlys ba shi da igiya. Na gani da idona.

Ban yi mata godiya ba, ita ma ba ta dube ni ba. Da za mu rabu ta ce in riƙa canja wa Otis ruwa kaɗan-kaɗan kafin a mayar da shi, na ce na ji.

Ko wannan ma ta fi ni iyawa.